Yadda Malamin Jami'a Zai Bi da Zargin Amfani da Ƙirƙirarriyar Basira Ba Tare da Ya Taka Doka Ba

Tun daga ranar 30 ga Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta amsa kamar mutum, ga kowa da kowa, aikin duba jinga da kundin kammala digiri ya sauya kama a jami'o'inmu. Malami zai karɓi aikin ɗalibin da ya san irin Turancinsa tun yana aji ɗaya, sai ya tarar da shafi ashirin sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya, nan take zuciyarsa ta raya masa cewa da walakin goro a miya. Sau da yawa zargin nasa yana kan hanya, amma abin da yake yi bayan zargin shi ne inda ake samun ɓaraka, domin wani malamin yakan zabga sifili ba tare da ya ji ta bakin ɗalibi ba, wani kuma yakan kira abin "laifi" har ya yi barazanar kiran 'yan sanda, alhali dokar ƙasa ba ta san da wannan laifin ba. Wannan bayani na malami ne, da shugaban sashe, da duk wanda aka naɗa cikin kwamitin binciken maguɗi a jami'ar Najeriya, kodayake ɗalibin da ya karanta shi ma zai san haƙƙinsa da iyakarsa.

Fara da sanin irin ɓarnar da ake zargi

Kafin ka ɗauki kowane mataki, ka tambayi kanka a wane aji abin da ɗalibin ya yi ya faɗa, domin azuzuwa uku ne kuma kowanne da mai hukuncinsa. Akwai abin da ya saɓa wa ɗa'ar neman ilimi kawai, kamar ɗalibin da ya sa manhaja ta taƙaita masa littafin da aka ce ya karanta, ya zo aji yana magana kamar ya karanta. Wannan maganinsa nasiha da gyaran salon koyarwa. Akwai abin da ya saɓa wa rubutacciyar ƙa'idar jami'a, kamar miƙa aikin da ba kai ka yi ba da sunan naka ne. Wannan hurumin kwamitin ladabtarwa ne da majalisar malaman jami'a, kuma hukuncinsa kan kama daga soke makin darasi zuwa dakatarwa ko kora. Sai kuma abin da dokar ƙasa ta ayyana a matsayin laifi, wanda kotu kaɗai ke da ikon kama mutum da shi.

Ma'aunin aji na uku yana cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999, sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, wanda ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai in an bayyana laifin kuma an fayyace hukuncinsa a cikin rubutacciyar doka. Dokokin da muke dogaro da su a wannan fage, wato kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960, da Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999, da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, duk an rubuta su kafin a san da irin waɗannan manhajoji, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta ambaci rubuta jinga da na'ura. Saboda haka ɗalibin da ya sa ChatGPT ko Gemini ta rubuta masa aikin gida ya ci amanar karatu, mai yiwuwa ya karya ƙa'idar makaranta, amma kalmar "mai laifi" a ma'anarta ta shari'a ba ta hau kansa ba tukuna. Ka kiyaye harshenka a cikin takardar tuhuma, domin kalma ɗaya da aka rubuta cikin fushi tana iya zama igiyar da lauyansa zai ɗaure jami'a da ita a gaban alƙali.

Rubuta ƙa'ida tun kafin a fara zangon karatu

Mafi yawan rigingimun da ke zuwa gaban kwamiti da ba su taso ba in da malami ya faɗi abin da ya halatta da abin da ya haramta tun makon farko, a rubuce, cikin takardar tsarin darasi da ake raba wa ɗalibai. Faɗa da baki a aji ba ya wadatarwa, musamman a ajin da mutum ɗari huɗu ke cunkushe, rabinsu ba sa jin abin da ake cewa a gaba. Ka rubuta wa kowane aiki matsayinsa. Wani aikin ka ce ba a yarda a taɓa manhaja ba sam, kamar fassarar nassi ko warware lissafin da shi kansa ne abin da ake son a koya. Wani ka ce an yarda a nemi taimakonta wajen gyaran nahawu da tsara tunani, da sharaɗin ɗalibi ya rubuta a ƙarshen aikin wace manhaja ya yi amfani da ita, a wace rana, kuma me ya tambaye ta. Wani aikin kuma ka mayar da manhajar ita ce abin nazari, ka sa ɗaliban shari'a, alal misali, su tambaye ta hukuncin sata a ƙarƙashin Penal Code, sannan su bi amsarta layi-layi su fito da inda ta yi daidai da inda ta shirga ƙarya.

Wannan hanya ita ce manyan cibiyoyi suka karkata gare ta. A watan Yulin 2023 ƙungiyar Russell, wadda ta haɗa jami'o'in bincike 24 na Birtaniya, ta fitar da ƙa'idojin da suka ginu a kan koya wa ɗalibai da malamai amfani da fasahar cikin gaskiya, maimakon haramta ta baki ɗaya. Hukumar UNESCO ma, wadda ƙasashe 193 suka amince da shawarwarinta kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira a Nuwamban 2021, ta fitar da jagora na musamman ga makarantu da masu bincike a Satumban 2023. Ni a ganina haramci na ƙurmus bai da amfani ko kaɗan, domin dokar da ba za ka iya tabbatar da an karya ta ba tana koya wa ɗalibi ɓoyo ne kawai, sannan tana cutar da mai tsoron Allah da ya bi ta alhali abokan karatunsa sun yi gaba.

Kada ka yanke hukunci da sakamakon manhajar ganowa

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan aka fi zaluntar ɗalibai da kyakkyawar niyya. Akwai manhajojin da ke iƙirarin gane rubutun na'ura, irin su GPTZero da sashen da Turnitin, kamfanin gano satar rubutu, ya ƙara a Afrilun 2023, kuma malami kan liƙa aikin ɗalibi a ciki, ta nuna masa kashi 80 cikin 100, shi ke nan ya ɗauka magana ta ƙare. Abin da waɗannan manhajoji ke aunawa shi ne yadda kalmomin rubutu ke bin juna bisa tsarin da aka saba gani. In jimloli sun zo a miƙe, da kalmomin yau da kullum, babu karkata ko ba-zata, sai su ce na'ura ce. Matsalar ita ce haka ainihin wanda ya koyi Turanci a makaranta yake rubutu, domin da ƙa'ida aka koya masa, kuma da ƙa'ida yake takawa don gudun kuskure. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai da insha'i 91 da mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su suka rubuta don TOEFL, jarrabawar gwada iya Turanci, sai manhajojin suka yi wa kimanin kashi 61 cikin 100 na rubuce-rubucen ƙazafin cewa na'ura ce ta yi su, alhali rubutun yaran Amurka kusan duka ya tsallake. Ɗalibinmu da ya taso da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci a baki yana cikin rukunin farko.

Shi kansa kamfanin OpenAI ya saki manhajarsa ta ganowa a Janairun 2023, ya bayyana cewa kashi 26 cikin 100 na rubutun na'ura kawai take kamawa, kuma tana yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi, sannan ya janye ta a Yulin shekarar saboda rashin inganci. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe sashen ganowa na Turnitin a Agustan 2023, da hujjar cewa ko da kuskuren kashi ɗaya ne kacal kamar yadda Turnitin ya faɗa, a cikin takardu 75,000 da ta miƙa a 2022 za a iya shafa wa kusan 750 kashin kaji. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne malami ya liƙa aikin a cikin ChatGPT ya tambaye ta ko ita ta rubuta, domin ba ta da hanyar sanin haka, za ta amsa ne kawai da abin da ya yi kama da amsa.

Akwai kuma ɓangaren doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba mutum haƙƙi a sashe na 37 cewa kada a yanke masa hukunci mai tasiri a rayuwarsa bisa aikin na'ura zalla, kuma yana da damar neman ɗan Adam ya duba lamarin, ya ji ta bakinsa. Kayar da ɗalibi a darasi ko hana shi digiri hukunci ne mai tasiri ta kowace fuska. Don haka ka ɗauki sakamakon manhajar a matsayin dalilin fara bincike, ka nemi hujja a wani wuri.

Inda hujja take

Wurin farko da za ka duba shi ne jerin manazarta. Waɗannan manhajoji suna da ɗabi'ar ƙirƙiro littattafai da maƙalun da babu su, su haɗa sunan masani na gaske da mujalla ta gaske da take na ƙarya, har da lambar shafi. Ka zaɓi biyar daga cikin manazartan, ka neme su a ɗakin karatu ko a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana. In uku babu su a duniya, ka riƙe hujjar da kowane kwamiti zai gane, kuma ba ka ma buƙatar ka tabbatar da cewa na'ura ce ta rubuta, domin ƙirƙirar madogara saɓa ƙa'ida ne ko wane ne ya yi ta. Ga ɗaliban shari'a wannan darasi ne na rayuwa: a Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 a ƙarar da wani fasinja ya shigar a kan kamfanin jiragen sama na Avianca, saboda sun miƙa takardar da ta kafa hujja da shari'u shida da ChatGPT ta ƙaga, sannan suka ci gaba da kare su bayan an ja hankalinsu.

Bayan wannan sai ka gayyaci ɗalibin, kuma kada ka gan shi kai kaɗai. Ka sa wani malami ya zauna, a rubuta abin da aka tattauna. Ka ce masa ya zo da daftarin farko, da littafin da yake rubuta bayanai, da takardun tambayoyin da aka cike in bincike ne na fita fili, da kwamfutar da ya yi aikin in yana da ita, tunda Word da Google Docs kan ajiye tarihin gyare-gyare. Sannan ka buɗe kundin a tsakiya, ka ɗora yatsa a kan sakin layi ɗaya, ka ce: "Malam, ka rubuta a nan cewa niyya ita ce ginshiƙin wannan laifi, yi mini bayani da Hausa, kamar kana gaya wa ƙanenka." Wanda ya yi aikinsa zai yi in-ina, zai sosa ƙeya, amma zai kai ka inda ya samo maganar, har ya gaya maka wahalar da ya sha kafin ya sami littafin. Wanda bai yi ba zai sake karanta maka jimlar da ke gabansa, in ka tambaye shi ma'anar wata kalma a cikinta sai ido ya raina fata. Minti goma na irin wannan zama ya fi kowace manhaja faɗin gaskiya, sai dai ka yi hattara da ɗalibi mai tsananin kunya ko tsoro, musamman mace a gaban malamai maza, wadda shirunta ba ya nufin rashin sani. Irin wannan ka ba ta takarda ta rubuta amsar a gabanka.

Ka ba shi haƙƙin kare kansa

In lamarin ya wuce nasiha, ka rubuta rahoto zuwa ga shugaban sashe, ka bar tsarin jami'a ya yi aikinsa. A ba ɗalibi tuhuma a rubuce, da ƙa'idar da ake cewa ya karya, da hujjojin da za a gabatar, da isasshen lokacin shiri. Kai da ka kawo ƙara shaida ne, don haka ba ka da kujera a cikin masu yanke hukunci. Jami'o'in Najeriya sun koyi wannan darasi da tsada a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1983 jami'ar ta kori wasu bisa zargin ƙone-ƙone da wawaso da cin zarafi, sai kotu ta soke korar, saboda mataimakin shugaban jami'a da ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, kuma saboda abubuwan da aka zarge su da su manyan laifuka ne da kotu kaɗai ke da hurumin tabbatarwa. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya, kamar na Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, sun tabbatar wa jami'a ikon ɗaukar matakin ladabtarwa bisa dokar da ta kafa ta, amma darasin Garba yana nan: kwamiti ya tsaya a kan saɓa ƙa'idar makaranta, kada ya naɗa wa kansa rawanin alƙali.

Lokacin da abin ya zama laifi na gaske

Akwai wuraren da amfani da ƙirƙirarriyar basira ke faɗawa cikin tarkon dokokin da ake da su, domin laifin tsoho ne, kayan aikin ne kawai sabo. Shiga ɗakin jarrabawa da waya a ɓoye ana ɗaukar hoton tambaya ana karɓar amsa satar amsa ce irin wadda Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta yi magana a kai, kuma dokar ta tanadi ɗaurin shekara uku, ga malami ko mai sa ido da ya haɗa baki kuma shekara huɗu babu zaɓin tara; ta ambaci hukumomi irin su WAEC da JAMB da suna, don haka ka bar wa sashen shari'a na jami'a ya duba yadda ta hau kan jarrabawar cikin gida. Haɗa takardar sakamako ko shaidar biyan kuɗin makaranta ko wasiƙar shugaban tsangaya ta bogi da taimakon manhaja yin jabu ne a ƙarƙashin Penal Code, kuma sashe na 13 na Dokar Laifukan Intanet ya tanadi jabun da aka yi ta kwamfuta. Kutse cikin rumbun sakamakon jami'a yana ƙarƙashin sashe na 6, yin sojan gona da sunan wani a intanet kuma yana ƙarƙashin sashe na 22, wanda zai iya hawa kan ɗalibin da ya kwaikwayi muryar malami da na'ura ya aika wa 'yan aji saƙon neman kuɗi.

Mafi muni shi ne haɗa hoton batsa na ƙarya da fuskar ɗaliba ko malama, abin da yanzu ake yi cikin daƙiƙu da hoto ɗaya da aka ɗauko daga Facebook ko WhatsApp. A al'ummarmu irin wannan hoto yana iya rusa aure da karatu tun kafin a tabbatar da cewa ƙarya ne. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, wanda aka yi wa gyara a Fabrairun 2024, har yanzu ya haramta aika saƙon batsa ta kwamfuta, ga kuma tanadin ɓata suna a Penal Code. In wadda aka yi wa ba ta kai shekara 18 ba, kuma a aji ɗaya akwai 'yan shekara 16 da 17 da yawa, lamarin ya koma sashe na 23 mai hukunci mafi tsanani, wanda ya haɗa har da hoton da aka ƙaga matuƙar ya yi kama da na gaske. A irin wannan hali kada ka tura hoton zuwa wayarka ko zauren malamai da sunan ajiye hujja, domin yaɗawa da mallaka su kansu laifi ne. Ka rubuta rana da lokaci da lambar da ta aiko, ka sanar da sashen tsaro da sashen shari'a a rubuce, a bar wayar yadda take, saboda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga kwamfuta, kuma hannu da yawa kan lalata ta.

Ka duba naka ɓangaren

Ɗa'ar da kake nema wurin ɗalibi ta hau kanka. Liƙa kundin ɗalibi, da sunansa da lambarsa, a cikin manhajar da rumbunta ke wata ƙasa sarrafa bayanan mutum ne a idon Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, kuma in kundin na ɗauke da hirar marasa lafiya ko fursunoni ko matan da aka ci zarafinsu, ka fitar da sirrin mutanen da aka yi wa alƙawarin rufa asiri. Ka cire suna da duk abin da zai nuna mutum kafin ka liƙa, in kuma bayanan masu nauyi ne ka haƙura gaba ɗaya. In ka sa manhaja ta taya ka tsara tambayoyi ko duba aiki, ka gaya wa ɗalibai, kuma makin ƙarshe ya fito daga hannunka bayan ka karanta da idonka. Tarayyar Turai, a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta sa manhajojin ɗaukar ɗalibai da na ba da maki da na sa ido a jarrabawa cikin rukunin masu babban haɗari, ta kuma haramta na'urar da ke karanta yanayin zuciyar ɗalibi a makaranta. Dokar ba ta hau kanmu ba, amma tana nuna tambayoyin da ya kamata a yi wa duk ɗan kwangilar da ya zo tallar irin wannan kaya a ofishin magatakarda.

Saura masu shagunan buga takardu na bakin ƙofar jami'a, waɗanda a da suke sayar da tsohon kundi bayan sun sauya masa bango, yanzu kuma suke haɗa sabo da manhaja cikin yini ɗaya. Ostireliya ta mayar da wannan sana'a laifi a 2020 da ɗaurin da ya kai shekara biyu, Ingila ta bi sahu a 2022, kuma dukansu mai sayarwa suka sa a gaba. A nan abin da ke hannun shugaban sashe shi ne ya rubuta wa hukumar jami'a ta soke izinin duk shagon da ke cikin harabarta da aka kama yana wannan ciniki, sannan ya wajabta wa kowane mai duba kundi ya riƙa sa hannu da kwanan wata a kan daftarin kowane babi, ta yadda ranar kare kundi za a ajiye fayil ɗin gaba ɗaya a kan tebur a gaban mai jarrabawa na waje.